Takardar Babu

Ni haifaffiyar Mubi ce, amma wanda ya gan ni a kasuwar Garwa, a Kamaru, ina ciniki da Fulatanci ba zai ce ba a nan aka binne cibiyata ba. Na daɗe ina ɗari-ɗarin ba da wannan labari don akwai abin kunyata a ciki. Abin da ya sa na daure shi ne, mu da muka tsallako a gudun 2014 muna da yawa, kuma na san da yawanmu har yau suna zaune yadda na zauna, ba su da ko guntuwar takarda.

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka shiga Mubi. Shekarata 21 lokacin. Abin da na fito da shi daga gida mayafi ne da silifa da waya marar caji. Da ni da Yayana da iyalinsa muka bi ayarin mutane da ƙafa ta Sahuda, muka faɗa ƙasar Kamaru, daga nan aka kai mu Gidar a bayan wata motar ɗaukar kaya. Iyayenmu duk sun riga sun rasu, Baba ma bai cika shekara a ƙasa ba. Duk takardunmu, ta haihuwa da na makaranta, suna cikin akwatin ƙarfensa a ƙarƙashin gado. Da sojoji suka ƙwato garin Yaya ya koma, ya tarar da ƙofa a ɓalle, ba akwati ba labarinsa. Ni kuwa na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan koma na kwana a garin nan ba. Sai aka bar ni a Garwa wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda aure ya kawo ta nan tun kafin a haife ni.

Zaman Garwa ya karɓe ni. Gwaggo ta sa ni a keken ɗinki, na iya Fulatanci, na tsinci Faransancin da zai ishe ni sayen zare da hawa babur. A cikin unguwa ba mai tambayarka takarda. Kowa ya san ni 'yar gidan wance ce, shi ke nan. Tafiya mai nisa ce kawai nake gudu saboda shingen jandarmomi, in kuwa ta zama dole sai na maƙale a gefen Gwaggo na ja mayafi. A 2019 aka ɗaura mini aure da wani ɗan unguwarmu, aka yi fatiha, aka raba goro da alawa, aka biya sadaki a gaban shaidu. A ganinmu aure ya gama ɗauruwa. A 2020 na haifi 'yata, mahaifinta ya je ofishin magajin gari ya yi mata takardar haihuwa. Wato jaririya 'yar wata ɗaya ta fi uwarta zama mutum a idon hukuma, ni kuwa ko a jikina.

Maigida ya yi karatun lissafin kuɗi, kuma ya daɗe yana neman fita. A 2021 Allah ya buɗe masa hanyar Kanada. Da zamansa ya daidaita, sai ya ce lokaci ya yi da za mu bi shi. Ya turo mini jerin abubuwan da ake buƙata ta WhatsApp, ya kira yana karanta mini ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan takardar shaidar rashin laifi, ya ce ƙa'idarsu ita ce duk ƙasar da mutum ya zauna wata shida a jere ko fiye tun da ya cika shekara 18, sai ya kawo shaidarta. Ke nan ni biyu zan kawo, ta Najeriya da ta Kamaru. Yarinya ba a nema mata.

Dariya na yi. Na ce, ni da ko ƙofar kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ban taɓa takawa ba, ai wannan ce mafi sauƙi a cikinsu.

A Kamaru sunan takardar kaziye, kowa haka yake ce mata, kuma wadda ake ba mutum a hannu ita ce mai lamba uku. A kotu ake karɓarta, a wurin magatakarda. Na sa kayana masu kyau na tafi, na bi layi. Da na isa gaban tebur, tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Madam, ina aka haife ki?" Na ce Mubi. Mutumin ya ajiye biro. Ya yi mini bayani a tsanake, da Fulatanci ma don na gane sosai: ɗan ƙasa yana karɓar tasa ne a kotun yankin da aka haife shi, saboda can ake aika labarin duk hukuncin da aka taɓa yanke masa. Wanda aka haifa a wajen ƙasa kuwa, nasa lissafin yana Yawunde, a Ma'aikatar Shari'a. Ya ce na tafi da fasfona da katin zamana.

Ba ni da fasfo. Ba ni da katin zama. Ba ni da takardar haihuwar da zan nemi ko ɗaya daga cikinsu. Shekara takwas da ɗoriya ina shan ruwan Binuwai, amma babu wani littafin hukuma da ya san na shigo ƙasar. Na fito gwiwa a sanyaye na zauna a gindin wata dalbejiya. Watan Maris ne, zafin Garwa na cin fuska, amma ni sanyi nake ji.

A nan mutumin ya same ni. Ba ma'aikaci ba ne, irin masu shawagin nan ne da jakar takardu a hammata. Fes da shi, ga iya magana.

"Hajiya, lafiya na gan ki haka?"

Na gaya masa komai, kamar na samu ɗan'uwa. Ya girgiza kai ya ce, "Haba Hajiya, a kan wannan za ki tafi har Yawunde? Ke da ma wa ya ce ki ce musu Mubi? Kawo sefa dubu sittin, nan da mako guda zan kawo miki takardar haihuwa ta Garwa da kaziyenki, da hatimi da komai. Mutum nawa na yi wa, suna Turai yanzu."

Wallahi na san ba daidai ba ne. Ba zan ce yaudarata ya yi ba. Sai dai na gaji, kuma tsoron zuwa gaban 'yan sanda na ce musu ga ni, na shekara takwas ba izini, ya fi mini komai nauyi. Gani nake za su sa ni a mota su kai ni iyaka, su raba ni da 'yata. Da na gaya wa wata maƙwabciya, cewa ta yi ai kowa haka yake yi. Na kwashi kuɗin adashena, na ba shi dubu arba'in kafin alƙalami. Ban gaya wa maigida ba, ban gaya wa Gwaggo ba.

Ya cika alkawari kuwa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan daga baya. Kwana tara ya kawo su cikin ambulan. Da dare, bayan yarinya ta yi barci, na kunna fitilar waya na buɗe. Ga sunana, ga sunan Baba, ga ranar haihuwata. A gurbin garin haihuwa an rubuta Garwa. Na daɗe ina kallon wurin. Ni da na rantse ba zan sake kwana a Mubi ba, sai ga hawaye. Can aka haife ni, a ɗakin da ke kallon bishiyar mangwaro. Can Inna take kwance, can Baba yake. Waɗancan mutane sun kore ni daga garin da bindiga, yanzu kuma ni da kuɗina na biya a goge shi daga sunana. Sunan Baba a kan takardar ƙarya shi ya fi tsaya mini a rai, mutumin da ko a wasa ba ya son a ƙara gishiri a magana.

Duk da haka na ɗauki hotonsu na tura wa maigida, ina ce ko zai yi murna. Kafin minti biyar ya kira. Tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga mini murya irin ta ranar ba. Ya ce shi tun farko ya rubuta a takardunsa cewa matarsa haifaffiyar Najeriya ce. Ya ce a dokar Kanada, wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya ko takardar jabu ana hana shi shiga ƙasar har shekara biyar, kuma ba ruwansu da wanda ya buga takardar, wanda ya miƙa ake kamawa. Sai ya yi shiru, ya sassauta murya, ya ce, "Maman yarinya, shekara biyar fa. Za ta kai takwas ban gan ta a gabana ba." Na kasa cewa komai.

Da asuba na cusa su a murhu, ƙarƙashin tukunyar kunu. Mutumin ya yi ta kirana yana neman cikon dubu ashirin ɗinsa, har da barazanar zai tona ni. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. A na huɗu na je na durƙusa gaban surukina na faɗa masa duka. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "'Yata, kin yi wauta, amma kin gyara. Ba ni lambarsa." Ban san me ya gaya masa ba, kiran dai ya tsaya daga ranar.

Daga nan aka fara bin hanya tun daga tushe, kuma tushen yana Najeriya. Na tafi Yola, Yaya ya zo daga Mubi ya same ni. Ya yi rantsuwa a kotu a kan shekaruna, da ita muka je Hukumar Ƙidaya aka ba ni shaidar haihuwa irin wadda ake ba manya. Sannan lambar ɗan ƙasa, don ba a yin fasfo sai da ita, sannan fasfon kansa. Kowanne da layinsa da jiransa, ba sai na tsawaita ba. Ta 'yan sandan Najeriya ana fara cike ta a intanet, sannan a ɗauki zanen yatsu. A nan ma na jawo wa kaina. Ana gobe za mu je aka yi bikin 'yar mai masaukinmu, aka zauna ƙunshi, ni ma na miƙa hannu aka lafta mini lalle har kan yatsu. Na'ura ta ƙi karanta yatsuna. Ga kuma kaushin allura na shekaru a babban yatsa da manuni. Ma'aikaciyar ta ce na je na dawo in ya kode. Mako biyu ina goga lemon tsami ina shafa man kaɗanya, kuɗin guzuri na ta tafiya. Mata, in kuna da zancen zanen yatsu a gaba, ku haƙura da lalle ko bikin wa ake yi.

Kafin na baro Najeriya na je Mubi. Ban yi niyya ba, Yaya ne ya ce ba zai yiwu na bar nahiyar gaba ɗaya ban je na yi wa su Baba addu'a a gida ba. Kwana ɗaya na yi. Mangwaron yana nan.

A watan Agusta na 2023 maigida ya zo hutu, muka yi auren magajin gari, don hukuma ba ta san da fatihar da aka yi mana a ƙofar gida ba. Sai da aka liƙa sanarwa wata guda tukuna. Ranar ɗaurin, jami'in ya yi tambayar da ake yi wa kowa a Kamaru, tsarin mace ɗaya ko na mata fiye da ɗaya. Maigida ya ce mace ɗaya. Abokansa suka yi ta tari a baya, Gwaggo kuwa ta rangaɗa guɗa a cikin ofishin mutane. A duk wannan shekarar, ranar ce kaɗai na yi dariya har cikina.

Saura abin da nake tsoro, katin zama. Surukina ya sa babbar rigarsa ya raka ni wurin 'yan sandan da ke kula da baƙi. Tun a hanya cikina ya ɗuri ruwa. Aka tambaye ni yaushe na shigo, ta ina, me ya hana ni zuwa tuntuni. Na faɗi gaskiya: Oktoban 2014, ta Sahuda, da ƙafa, tsoro ne ya hana ni. Jami'in ya dube ni ya ce ya san lokacin, ya ga mutanen da suka shigo. Ya yi mini faɗa, faɗa sosai, na biya abin da doka ta ɗora mini, kuma kuɗi ne masu nauyi, sai da maigida ya ci bashi. Amma ba wanda ya sa ni a mota. Abin da na shekara tara ina gudu, a wuni biyu aka gama shi, aka ba ni rasit na jiran kati.

Sai Yawunde. Daga Garwa mota ce zuwa Gaundare, a hau dutsen nan mai kwane-kwane da ke sa mutum salati, sannan jirgin ƙasa da ke tashi da yamma ya kwana yana tafiya, sama da kilomita 600. Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. A kowace tasha mata na zagaye da tagogi cikin dare da zuma da ayaba da rogo a ganye. Gari na wayewa na ga daji kore shar, bishiyoyi kamar za su taɓa sama, na ce ashe duk Kamaru ce wannan. Na sauka a Birketiri, unguwar Hausawa, gidan wata 'yar'uwar surukata. Ƙamshin tsire da kiran salla suka sa na ji kamar ban yi nisa ba.

Washegari ɗanta ya raka ni. Na sayi timbur, kan sarkin da ake manna wa takardun hukuma, wanda a 2023 ya koma sefa 1,500 daga 1,000. Da yake rubutun Faransancina ba shi da kyau, sai na ba wani mai rubuta wa mutane takarda a bakin titi ya rubuta mini buƙatar. Ya ce sunana, na ce Hauwa. Ya rubuta. Na kai, aka ce na dawo. Da na karɓa ko dubawa ban yi ba, na sa a jaka na rungume, na kama hanyar tasha ina ta godiya ga Allah.

Mun wuce Belabo, tsakar dare, barci ya ƙi zuwa, na ce bari na kalli abar da ta wahalar da ni. Na haska. Haoua. Haka aka rubuta, yadda masu Faransanci ke rubutawa. Fasfona kuwa Hauwa ne. Sunan Baba ma an ƙara masa harufa irin nasu. A kunne suna ɗaya ne, a takarda kuwa mata biyu ne daban, kuma wanda zai duba a Kanada bai san Haoua da Hauwa duk Hauwa'u ba ce. Ga fasfon a jakata lokacin da mutumin yake rubutu, da na miƙa masa ya kwafa da shi ke nan. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka, wata tsohuwa da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ban samu komawa nan da nan ba. Kuɗi sun ƙare, yarinya ta kwanta zazzaɓi, ga ɗinkin mutane ya taru. Sai da na shafe wata huɗu. A lokacin ne na san ita kaziye wata uku ne ranta, kuma su Kanada suna son ta ƙasar da kake zaune ta zama sabuwa, kada ta wuce wata shida kafin ka miƙa. Ke nan ko da sunan ya yi daidai, da na karɓe ta tun sauran takardu ba su haɗu ba, da ta mutu a hannuna. Ita ake nema a ƙarshe, ni kuwa da ita na fara.

A zuwa na biyu ni na rubuta sunana da hannuna, harafi bayan harafi, fasfo a buɗe a gabana. Da aka miƙo mini takardar ban matsa daga gaban tebur ba sai da na bi ta da yatsa: suna, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa. Garin haihuwa, Mubi, Najeriya. Na karanta wurin sau uku. Wani sauƙi da na samu, ba a nemi fassara ba, don Turanci da Faransanci duka harsunan hukuma ne a Kanada, ta Najeriya da ta Kamaru kowacce ta tafi yadda take.

Da na dawo Garwa, Gwaggo ta ce a nuna mata takardar da ta cinye keken ɗinki ɗaya da adashe biyu. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta juya ta gaba da baya. Ta ga layuka duk fayau, sai kalma ɗaya a tsakiya.

"'Yar nan, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Neyan, Gwaggo. Wato babu."

"Babu me?"

"Babu komai. Ba ni da laifi."

Ta dube ni, ta dubi takardar. "Yo da sun tambaye ni ai da na gaya musu."

Yanzu an kira mu gwajin lafiya, mun je mun yi, an ɗauki zanen yatsuna a Yawunde, wannan karon da hannu fari tas. Muna jiran amsa. Wata rana nakan tashi da ƙarfin gwiwa, wata rana in wayar maigida ta shigo sai gabana ya faɗi. Dubu arba'in ɗin nan har yau in na tuna sai na ji ɗaci, ba don kuɗin kaɗai ba. Na sayi jakar roba mai zif, kowace takarda na yi mata kwafi uku, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin surukina, ɗaya na aika wa Yaya, na kuma ɗauki hotonsu na tura wa maigida.

Makon jiya wata da muka tsallako tare ta zo karɓar ɗinki. 'Yarta ta isa rubuta jarabawa, an nemi takardu, ita kuma ba ta da ko ɗaya. Ta rage murya ta ce an yi mata kwatancen wani mutum mai jaka a hammata. Na ajiye almakashi, na jawo mata kujera, na aiki yarinya ta kira mini surukina.